Inda Kowa ke Sauraron Jirgin Fito

Wanda ke son tsallakawa da mota zuwa tsibiran Hebrides, can yammacin Sikotlan, a watan Yuli, ba a bakin ruwa yake neman tikiti ba. Tun ina Kano, biza ma ba ta fito ba, autanmu da ke karatu a Gilasgo ya dame ni da waya kan in tsayar masa da ranaku. Na ce ya bari in iso tukuna. Ya ce, "Yaya, ba a fafe gora ranar tafiya. Mai tafiya a ƙafa ba ya rasa wurin zama, amma mota in ba a kama mata gurbi tun yanzu ba, sai dai mu tsaya a gaɓa muna ɗaga wa jirgi hannu." Haka ya bi kowane mashigi ya biya. Tafiyar da za a yi a Yulin 2025, tun ana yawon ƙaramar salla aka ƙulle ta.

Tsibiran a jere suke daga arewa zuwa kudu, tsawon kilomita 200 da ɗoriya, bayansu Tekun Atlantika: Lewis da Harris, waɗanda ƙasa ɗaya ce mai suna biyu, sai Uist ta Arewa, Benbecula, Uist ta Kudu, sai Barra can ƙasa. Ƙidayar 2022 ta sami mutum wajen 26,000 a cikinsu, alhali a farkon ƙarni na 20 sun haura 46,000. Ƙananan jiragen sama na sauka, amma ba a ɗora musu siminti ko tumaki. Kusan duk abin da ke da nauyi, shiga ko fita, jirgin fito yake bi, kuma kamfani ɗaya ne ke tafiyar da jiragen, Caledonian MacBrayne, wanda kowa ke kira CalMac, mallakar gwamnatin Sikotlan.

Daga Gilasgo muka bi ta Inverness muka gangara Ullapool, ɗan gari mai fararen gidaje a bakin wani dogon lungun teku. Filin tashar a zane yake layi-layi, ma'aikata cikin riguna masu ƙyalli suna duba lambar mota suna nuna wa kowa inda zai tsaya. Na fito ina kallon masu jiran shiga, don a nan mutum zai ga arzikin tsibiri tsaye a kan taya: tirelolin manyan kantuna, motar katako, motar gidan waya, wata akori-kura tana jan kejin tumaki. Sai kuma dogon layin 'yan yawon buɗe ido da motocinsu masu gado da kicin a ciki, lambobin Jamus da Holan da Faransa, kowace ta fi ƙaramar mota cin wuri nesa ba kusa ba.

Jirgin wannan hanya ta Ullapool zuwa Stornoway, a Lewis, sunansa Loch Seaforth. A Flensburg ta Jamus aka ƙera shi, ya fara aiki a 2015, yana ɗaukar fasinja 700 da ƙananan motoci 143. Jirgi ne na gani na faɗa, ciki tsaf, tafiya lafiya lau. Sai dai aikin jirage biyu ya gada. A da, na fasinja daban ne, na kaya mai tafiyar dare daban. Da aka haɗe masa duka, sai ya zama da rana ya yi jigilar mutane, da dare ya koma ya kwashi tireloli, inji bai cika samun hucewa ba. Tun lokacin akwai mutanen Lewis da suka ce gara a ba su matsakaita biyu da ƙato ɗaya, in ɗaya ya kwanta ɗaya ya riƙe. A Afrilun 2021 injinsa ya lalace, ya shafe kusan mako bakwai a wurin gyara. Aka janye jirgin Barra aka kawo nan, aka janye na wani wuri aka kai Barra, girgizar ta bi tsibiri bayan tsibiri har ta kai waɗanda ba su ma san inda Ullapool take ba sai a taswira.

Kan maganar ke nan. Kamfanin na da jirage sama da 30, yana hidimar tashoshi wajen 50, yana ɗaukar fasinja fiye da miliyan 5 a shekara, amma shekaru da dama ba shi da babban jirgi ko ɗaya da ke ajiye na ko-ta-kwana a lokacin da aka fi cunkoso. Ga tsufa: sama da kashi ɗaya cikin uku na jiragen sun ba shekara 30 baya. A ce hanyar Zariya zuwa Kano sau biyu ko uku ake buɗe ta a yini, kowace buɗewa mota 143 ke wucewa, sannan duk ranar da hanyar Katsina ta lalace sai a naɗe ta Zariyar a kai can. Zaman da mutanen nan ke yi ke nan.

Mashigin Minch, tekun da ke tsakanin Ullapool da Lewis, ya yi mana kirki, ruwa a kwance, awa biyu da rabi da 'yan mintoci. A ɗakin cin abinci na zauna teburi ɗaya da wani direban tirela mai firji, jibgegen mutum mai jan gemu, yana cin soyayyen kifi da dankali. Kayan kanti yake shiga da su, ya fito da na teku: jatan lande, ƙaguwa, kifin salmon da ake kiwo a keji cikin ruwa. Yawancin jatan landen da ƙaguwar ba 'yan Birtaniya ke ci ba, Faransa da Sifaniya ake kai su, wasu ma da ransu, cikin tankin ruwan gishiri. Dole su riski motocin da ke tashi kudu a kan lokaci, in ba haka ba kasuwar mako ta wuce. Na tambaye shi ko guguwa ce babbar abokiyar gabarsa. Ya girgiza kai. Ya ce iska ba ta yaudara, tun kwana uku ake ganinta a waya, masunci ya ƙi fita, mai saye a Sifaniya ya san kada ya sa rai. Abin da ke karya mutum shi ne rana ta yi kyau, an kamo kaya, an loda, sannan a ji babu jirgi ko babu gurbi. Ya ce mai saye ba ya faɗa da kai, kiran wani kawai yake yi a Ayalan ko Nowe, kuma in ya saba da wancan, shi ke nan.

Dab da shiga Stornoway ana wuce wasu duwatsu a hannun dama da alama a kansu. A nan jirgin Iolaire ya dare a daren sabuwar shekarar 1919, ɗauke da samarin tsibirin da ke dawowa daga Yaƙin Duniya na Ɗaya. Mutum 201 suka halaka suna hangen fitilun garinsu. Mutanen da ke da wannan a tarihinsu ba sa yi wa matuƙi gardama in ya ce yau teku ba ta hawuwa. Fushinsu ba a nan yake ba.

Stornoway ita ce birnin yankin, ko da yake a ƙafa za ka zagaye tsakiyarta kafin shayi ya huce. Mun yi Juma'a a masallacinta, wani tsohon gida da aka gyara aka buɗe a 2018, na farko a duk tsibiran. Jikokin 'yan tiredar Pakistan da suka zo shekaru da dama da suka wuce, da iyalan Siriya da yaƙi ya koro, da ma'aikatan asibiti, sahu kaɗan ne amma an cika shi. Magariba kuwa sai bayan goma na dare, kafin ka runtsa alfijir ya keto. Ran Lahadi gari ya mutu murus, don Kiristocin Lewis masu tsauri ne kan ranar hutu. Sai a 2009 jirgin fito ya fara tashi daga Stornoway ran Lahadi, kuma sai da aka kai ruwa rana. Har yau akwai dattawan da ba sa hawansa a ranar ko kyauta ne.

A yammacin Lewis, wajejen Shawbost, muka shiga rumfar wani masaƙi, ɗakin kwano a gefen gidansa, warin ulu da man inji ya cika shi. Yadin Harris Tweed dokar majalisa ce ta 1993 ke kare shi: ba a buga masa hatimi sai in mutumin tsibiran ne ya saƙa shi a gidansa da ƙarfin jikinsa, ba da lantarki ba. Masaƙar dattijon ta baƙin ƙarfe ce, ta girme ni. Ya hau ya fara taka ta da ƙafa biyu, ƙoshiya na kai da komo, ƙarar ba ta barin a ji magana. Can zare ɗaya ya tsinke. Ni ban ga komai ba, shi kuwa ya riga ya tsaya, ya zura yatsu cikin ɗaruruwan zaruruwa ya kamo bakin biyun, ya ƙulla ba tare da ya kalla ba, ya ci gaba. Ya miƙo mini guntun zare ya ce in warware. Daga nesa ruwan ƙasa ne, a tafin hannu sai ga kore, ga shuɗi, ga ɗigon ja, don ulun ake rinawa a gauraya kafin a kaɗa zaren. Mafi yawan ulun daga tsallake yake zuwa, masana'antu uku na Lewis su rina su kaɗa, su raba wa masaƙa a gidajensu, su karɓa su wanke, yadin ya sake hawa jirgi ya nufi Landan da Japan da Amurka.

Da na kawo maganar jirgi sai ya yi dariya, ya ce shi yadinsa ba ya ruɓewa, ko ya kwana uku a tasha yana nan yadda yake. Damuwarsa daban ce. Rangwamen kuɗin fito ya kawo masa baƙi har ƙofar rumfa, suna sayen hula da jaka, bai taɓa ciniki irin na shekarun nan ba. Amma rangwamen nan dai shi ya sa in aka kira shi yau cewa ɗan'uwansa ya rasu a Inverness, ko asibiti ta matso da ranar ganin likita, ba lalle ya sami gurbin motarsa cikin makon ba. Baƙo tun hunturu ya san ranar hutunsa. Mutuwa da cuta kuwa ba sa ba da sanarwa.

Rangwamen da yake nufi tsari ne da gwamnati ta fara gwadawa a tsibiran nan a 2008, ta game dukan hanyoyin CalMac da shi a 2015: a kimanta kuɗin fito da abin da mutum zai kashe da a ce titi ne ya bi mai wannan nisa. Niyya ce mai kyau, kuma ta yi aiki, kuɗin mota ya faɗi warwas a wasu hanyoyin, yawan motocin da ke hawa ya ƙaru da kusan kashi 20 cikin 100. Amma an saukar da farashi ba a ƙara faɗin jirgi ba. Manyan motocin kaya kuma tun 2012 aka cire su daga tsarin. A ganina nan ne aka yi wa mutanen tsibiri kyautar da ta zo da ƙaya: abin da ake rabawa da kuɗi a da, yanzu da rige-rige ake raba shi, kuma a rige-rige mai hutu ne ke cin mai gida.

Harris duwatsu ne tsirara da farin yashi, kyan da hoto ba ya kamawa, na bar wa masu kyamara. Daga Leverburgh, a Harris, muka hau ɗan ƙaramin jirgi mai buɗaɗɗen tsakiya zuwa tsibirin Berneray. Tafiyar awa guda ce, amma ban ga jirgin ya miƙe na minti biyar ba. Ruwan ba zurfi, duwatsu birjik a ƙarƙashi, matuƙi na ta kwana tsakanin alamomi ja da kore, har ka ga tsibirin da ka baro ya dawo gabanka. Jadawalin wannan mashigi ma cikar teku da janyewarta na taɓa shi. Daga Berneray kuwa babu sauran fito har ƙarshen Uist: an cike ruwan da ke tsakani da duwatsu an shimfiɗa kwalta, na Berneray a 1999, na tsibirin Eriskay a 2001, na Benbecula tun kafin nan. Titin na mota ɗaya ne, da ɗan faɗaɗa jefi-jefi inda ake kauce wa juna, kuma duk wanda ka kauce wa sai ya ɗaga maka yatsa. Auta ya ce tun da ya zo ƙasar ba a gaishe shi da yawa haka ba.

Uist ta Kudu ita ce inda na fi so mai karatu ya ɗan zauna. Mutanenta ba su kai 2,000 ba, Katolika ne, gumakan Maryamu a bakin hanya, harshen Gelik a bakin yara da manya. A 2006 suka haɗa kai suka saye ƙasar tsibirin daga hannun masu ita, suka kafa injinan iska, suka gina sabuwar matsayar ƙananan jirage a Lochboisdale. Wato ba mutane ne masu naɗe hannu ba. Jirgin da aka ware musu, Lord of the Isles, na 1989 ne, yana kai su Mallaig, a tsallake, cikin awa uku da rabi. Daɗin sha'aninsa shi ne illarsa: yana iya shiga kusan kowace tasha, don haka duk inda aka yi ɓaraka shi ake fara tunawa.

A Yunin 2023 jirage biyu na tsibirin Islay suka kasance ba sa aiki, ɗaya na duban shekara, ɗaya a lalace. Islay kuwa tsibirin wiski ne, tirelolin sha'ir na shiga, tankokin barasa na fita, ga haraji mai kauri. Aka ɗauke Lord of the Isles aka kai can, aka soke jigilar Lochboisdale kusan wata guda cur, a tsakiyar kakar baƙi. Mutum wajen 500 suka yi dafifi a tashar da motocinsu da tireloli, daga baya wasu suka kai kukan har titunan Gilasgo. Ma'aunin da kamfanin ke amfani da shi a lokacin yana duba inda sokewa za ta taɓa mutane mafi ƙaranci, da kuma ko suna da wata mafita. Mutanen Uist ta Kudu ba su da yawa, kuma a takarda suna iya tuƙi sama da awa guda zuwa Lochmaddy, a Uist ta Arewa, su hau wani jirgin, wanda shi ma a cike yake. Don haka kullum ƙuri'a a kansu take faɗawa. An sake duba ma'aunin bayan zanga-zangar. Amma ana kukan targaɗe sai ga karaya: a farkon 2025 jirgin da aka ba su aro, Isle of Mull, mai ɗaukar ɗaruruwa, an taƙaita shi ga fasinja 45 saboda na'urar tsirar da mutane ta samu matsala.

Uwar gidan da muka sauka wurinta, dattijuwa mai ɗakunan haya 'yan kaɗan, ta kawo mana shayi da gurasar alkama mai zafi, ta ajiye wayarta a gefen faranti. Ba ta minti goma ba ta leƙa ta ba. Manhajar kamfanin ce: kore in komai daidai, ruwan ɗorawa in akwai shakka, ja in an soke. Ta ce kafin ta duba yanayin sama wannan take dubawa, don shi ke gaya mata ko ta sayi ƙwai da madara na mutum nawa. Ta ɗauko littafin baƙinta na 2023 ta buɗe watan Yuni, shafi biyu duk jan layi a kan sunaye. Ta ce, "Waɗannan na san su, ga sunayensu, wasu ma sun dawo daga baya. Wanda ya ji labari a rediyo ya fasa tun bai kira ni ba, shi ne ban san adadinsa ba." Kakar baƙi daga Mayu ce zuwa Satumba, da ita ake cin shekara. Ɗanta, in ji ta, ya iya aikin lantarki, ya so ya dawo gida ya buɗe shago, matarsa ta ce ba za ta yi reno a inda ba ta san ranar da za ta iya kai yaro wurin iyayenta ba. Suna Inverness.

A nan na ga abin da alƙaluma ba sa nunawa. In aka duba lissafin shekara, mafi yawan tafiye-tafiyen da aka tsara ana yin su, kuma cikin waɗanda ake sokewa da yawa laifin iska ne. Mai kare kamfanin zai faɗi haka, kuma bai yi ƙarya ba. Amma ciniki alkawari ne: zan kawo ran Talata, ɗakinka na nan ran Asabar, mai gyara zai zo jibi. Wanda ba ya iya cewa "in Allah ya yarda ran Talata" da zuciya ɗaya, ba ya karɓar babbar oda, ba ya cin bashin banki ya ƙara ɗaki, ba ya ɗaukar yaro aiki. Asarar ba ta ranar da aka soke jirgi kaɗai ba ce, ta duk ranakun da aka yi ana tsoron sokewar ce. Sannan abin na cin kansa: tsibiri ya ƙanƙance don jirginsa ba tabbas, a kuma ɗauke jirginsa don ya ƙanƙance.

Mu dai namu ya zo kore. Da sassafe muka bar Lochboisdale, tsaunukan Rum da Skye na fitowa ɗaya bayan ɗaya, muka sauka Mallaig. Maimakon mu wuce gida kai tsaye, na ce wa Auta ya tsallaka gadar Erskine ya kai ni Port Glasgow in ga maƙerar da ake ta zance.

Maƙerar jiragen Ferguson tana jingine da wani tsohon gidan sarauta na dutse a bakin kogin Clyde. Wannan kogi a da shi ke ƙera wa ƙasashen duniya da dama jirage, yanzu a ƙasansa ita kaɗai ta rage mai ƙera na kasuwanci. A 2015 aka ba ta kwangilar manyan jirage biyu kan fam miliyan 97, a miƙa su a 2018, ɗaya na tsibirin Arran, ɗaya na Harris da Uist ta Arewa. Aka sa hannu ba tare da cikakken lamunin banki da aka saba nema ba, wanda zai mayar da kuɗi in aiki ya ci tura. Aka kuma zaɓi zane mai wuya, injin da ke shan man jirgi da kuma iskar gas da aka sanyaya har ta zama ruwa, abin da ba a taɓa ƙerawa a Birtaniya ba. Aka fara yanka ƙarfe zane bai kammala ba. A Nuwamban 2017 Nicola Sturgeon, shugabar gwamnatin Sikotlan ta lokacin, ta jagoranci bikin tura na farkon, Glen Sannox, cikin ruwa, daga baya aka gane tagogin ɗakin matuƙi fenti ne aka zana. Maƙerar da hukumar da ta ba da kwangilar suka shiga zargin juna, kamfanin ya durƙushe a 2019, gwamnati ta karɓe shi. Can kuma aka tarar ɗaruruwan wayoyin lantarkin da aka shimfiɗa a jirgin sun yi gajarta.

Glen Sannox bai ɗauki fasinja ba sai Janairun 2025, an makara kusan shekara bakwai, kuɗin biyun ya haura fam miliyan 400. Kuma da ya fito, bai dace da tashar Ardrossan ba, inda ake hawa zuwa Arran, wadda dominta aka yi shi, don ba a yi gyaran da aka ce za a yi mata ba. Daga Troon yake tashi, hanya mafi tsawo, sawu mafi ƙaranci a yini. Iskar gas ɗin da aka ce don kare muhalli ce, a tanka ake ɗauko ta daga Kent, kudancin Ingila, tafiyar kilomita 700 da wani abu. Na biyun, Glen Rosa, shi muka tarar a ɗaure a gaɓa, baƙi da fari da jan bututu, ma'aikata na hawa da sauka, ana cewa sai 2026.

Ban ga laifin mai riƙe da abin walda ba, kuma ban raina hujjar da ta sa aka kawo aikin nan ba. Garin ya sha talauci tun da maƙeru suka rufe, aikin ɗaruruwan magidanta ba abin wasa ba ne. Amma an ɗora buri uku a kan jirgi ɗaya, a ceci maƙera, a burge duniya da sabon inji, a kuma kai mutane gida, na ukun kuwa shi aka fi mantawa. Ga kuma yadda aka raba aikin tun 2006: hukumar sufurin gwamnati ke riƙe da kuɗi, wani kamfanin gwamnati mai suna CMAL ke mallakar jiragen yana ba da kwangilar sababbi, CalMac ke tuƙawa yana shan zagi a bakin tasha. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mai ɗakin haya a Lochboisdale in ta tashi neman wanda za ta riƙe, kowa sai ya nuna mata na gaba.

Abin da ya fi ba ni mamaki wani jirgi ne mai suna Alfred. Wani ƙaramin kamfanin iyali na tsibiran Orkney ne ya sa aka ƙera masa shi a Biyetnam, ya fara aiki a 2019, mai gindi biyu, ba ado, yana ɗaukar mota 98, kuɗinsa wajen fam miliyan 14. Da tura ta kai bango a 2023, gwamnati ta ɗauko shi haya kan fam miliyan 9 na wata tara, aka yi ta sabunta hayar har kuɗinta ya zarce na ƙera shi. Masu cewa a riƙa sayen matsakaitan jirage masu sauƙi, da yawa, iri ɗaya, waɗanda za su iya canjin juna, kullum da shi suke kafa hujja. Masu ja da su na cewa ba kowane mashigi irinsa ke iya hawa da hunturu ba. Ko da hakan ne, mai jirage huɗu masu araha yana da na ajiyewa, mai ƙato ɗaya ba shi da.

Da alama darasin ya shiga, ko da a makare. An ba wata maƙera a Turkiyya, Cemre, kwangilar jirage huɗu masu zubi ɗaya, biyu na Islay, biyu na Harris da Uist ta Arewa, waɗanda da ma aka yi wa alkawarin Glen Rosa kafin a karkatar da shi Arran. A Maris ɗin 2025 kuma aka ba wata maƙera a Polan ƙananan jirage bakwai masu aiki da batir. Ferguson ta nema ba ta samu ba, abin da ya sa ma'aikatan da muka gani ba su san me za su taɓa ba bayan Glen Rosa. Na Turkiyyan su ma sun makara, an ce saboda yaƙin Yukren da ya taɓa ƙarfe, da girgizar ƙasar 2023, da rikicin Bahar Maliya da ya karkatar da jiragen kaya. A watan da muka tsaya a bakin Clyde, ko ɗaya cikin huɗun bai baro Turkiyya ba.